Ina Kare Yake Kwana? Tarihin Makwancinsa a Karkarar Arewacin Kano

Idan ka ratsa ƙauyukan da ke tsakanin Dambatta da Makoɗa da Kunchi a watan Afrilu, wajen ƙarfe biyu na rana, leƙa gindin bishiya ko ƙarƙashin rumbu. Za ka ga kare kwance cikin wani ɗan rami da ya tona da kansa, ya manna cikinsa da ƙasa, harshe a waje. Ka dawo gidan a watan Janairu da asuba, ramin ba kowa. Karen yana can bakin murhu, ya naɗe kamar gammo kusa da tokar da aka bari tun tuwon dare. Ba wanda ya yi masa shimfiɗa, amma duka biyun ya zaɓi wurin da ya dace.

To yanzu ka buɗe wayarka, ka ga tallar gadon kare: soso mai laushi, an lulluɓe shi da yadi mai gashi-gashi, kuɗinsa ya isa ka yi cefanen mako. Samarin da suka fara sayen karnukan gadi suna tambaya, shin wannan ne ya kamata? Kafin a amsa, yana da kyau mu san yadda aka yi kare ya daɗe yana zaɓar wa kansa makwanci a wannan yanki, da abin da ya faru har zaɓin ya fara kuɓuce masa ya dawo hannunka.

Baƙo ne da ya daɗe

Kare jikan kyarkeci ne, kuma shi ne dabbar farko da ɗan Adam ya sabar da ita, tun kafin a fara noma. A shekarar 1914 masu fasa dutse a Oberkassel, kusa da birnin Bonn na Jamus, suka tono wani kabari mai shekaru kimanin 14,000, ciki akwai mutum biyu da ɗan kare. Da aka sake duba haƙoransa a binciken da aka buga a 2018, sai aka ga alamun ya yi fama da wata muguwar cutar karnuka na tsawon makonni kafin ya mutu yana ɗan wata bakwai. Kwikwiyo mai irin wannan ciwo ba ya rayuwa sai in akwai mai ba shi ruwa, mai ɗumama shi, mai share masa wuri. Wato tun wancan zamani an san yi wa kare shimfiɗa idan lalura ta kama.

Afirka kuwa shigowa ya yi. Ƙasusuwan kare mafi daɗewa da aka samu a nahiyar suna Merimde, a arewacin Masar, shekarunsu sun kusa 6,000. Daga nan ya bi makiyaya da mafarauta, zanensa yana jikin duwatsun Tassili a Sahara, har ya iso Afirka ta Yamma. Karen nan ja mai tsayayyun kunnuwa da kake kora a bakin kasuwa, tsatsonsa ke nan. A 2018 masu bincike daga Sin da Najeriya sun karanta ƙwayoyin gadon karnukan gida na Najeriya guda 19, suka samu alamun cewa jikinsu ya sauya don jure cututtukan ƙasashe masu zafi. Ka riƙe wannan, domin zai yi mana amfani idan muka zo kan karnukan da ake shigowa da su daga waje.

Yadda bakin ƙofa ya zama wurinsa

A littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, kare ya bayyana tun zamanin Barbushe: baƙin kare yana cikin dabbobin da mutane ke kawowa gindin Dala don bautar Tsumburbura. Kare dai yana nan tun kafin Musulunci ya kafu a ƙasar Kano. Da Musulunci ya zo, bai kore shi ba, sai ya shata masa iyaka.

Mutane da yawa suna mamaki idan suka ji cewa a mazhabar Malikiyya, wadda ita ake bi a nan, kare mai rai ba najasa ba ne. Wanke ƙwarya sau bakwai idan ya sa baki, malaman mazhabar sun ɗauke shi a matsayin bin umarni kawai. Abin da aka taƙaita shi ne dalilin ajiye shi. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, littafin da kusan duk ɗalibin zaure ya ratsa, ta hana ajiye kare a gida sai don gona, ko kiwo, ko farautar neman abinci. Ga kuma hadisin da kowa ya sani game da mala'iku da gidan da ke da kare. Masu sharhin Risala ma sun kawo wani labari mai ban dariya: katangar gidan shi marubucin ta faɗi a lokacin rashin tsaro, sai ya ajiye kare. Da aka tuna masa matsayin Imamu Malik, sai ya nuna cewa da Malik ya riski wannan zamani, zaki ma zai ajiye. Daga irin wannan ne malamai da dama suka shigar da gadin gida cikin dalilan da aka yarda da su.

Ka ga abin da wannan ya haifar a aikace. Kare ma'aikaci ne, yana da abinci da haƙƙi, amma ba ya shiga ɗaki, ba ya hawa tabarmar salla, ba ya kusantar tukunya. Wurinsa shi ne tsakanin ciki da waje: ƙofar zaure, jikin danga, kusa da turken awaki. Ko karen As'habul Kahfi, a bakin kogo aka ambace shi. Idan kana son ganin bambanci, dubi Buzayen kwarin Azawak a Nijar da Mali, waɗanda siririn karensu na farauta ke da matsayi a cikin iyali fiye da yadda Bakano ya saba. Addini ɗaya, mazhaba ɗaya, amma zaman tanti daban, zaman gida mai zaure daban.

Gidan da ya ba shi zaɓi

Tsohon gidan manomi a arewacin Kano ba don kare aka gina shi ba, amma ya dace da jikinsa ƙwarai. Dalilin yana cikin yadda kare ke fitar da zafi.

Zafin jikin kare lafiyayye yana tsakanin digiri 38 da 39, ya ɗara naka kaɗan. Kai idan zafi ya dame ka, gumi kake yi ta ko'ina. Shi guminsa mai sanyaya jiki a tafin ƙafa kawai yake, kuma bai taka kara ya karya ba. Abin da ya rage masa biyu ne: haki, da kuma manna jikinsa da abu mai sanyi, musamman cikinsa inda gashi ba shi da yawa. A bazara, lokacin da zafin Kano kan kai digiri 40, fuskar rairayi a rana kan haura digiri 50. Amma rairayi ba ya saurin kai zafi ƙasa. Ka tona ɗan taƙi ɗaya a inuwa, za ka ji sanyi a hannunka. Wannan shi ne sirrin ramin da kare ke tonawa. Ba ɓarna yake yi ba, shimfiɗa yake yi.

Yanzu dubi abin da gidan ya tanada. Rumbu ana ɗora shi a kan duwatsu don gudun gara da laima, sai ƙarƙashinsa ya zama inuwar da ba ta gushewa, iska na ratsawa. Gindin randa kullum da danshi. Dangar kara tana tare rana amma ba ta tare iska, kuma ko yaushe akwai kafar da kare zai kurɗa. A gona akwai gawo, bishiyar da ke yin abu a juye: ta zubar da ganye da damina, ta fitar da shi da rani, daidai lokacin da ake neman inuwa. Daga baya darbejiya ta shigo, wadda aka fara dasawa a Barno a 1928, ta cika ƙofofin gidaje. Da hunturu ya kama, sanyin asuba ya sauko wajen digiri 12 ko ƙasa da haka, sai kare ya koma bakin murhu ko jikin tarin karan dawa, ya naɗe jikinsa don rage fatar da iska ke bugawa.

Mu ma ai haka muke yi. Da bazara a fito da tabarma tsakar gida, da sanyi a shige ɗaki a hura wuta, tsofaffi da masu jego su hau gadon ƙasa da aka zuba wa garwashi. Mutum da karensa duk ba su da makwanci ɗaya na shekara.

Akwai kuma abin da ke hana shi yin nisa da dare: kura. Kura tana cin kare, kuma muddin akwai daji kusa da gari, kare mai hankali a jikin gida yake kwana. Karnukan 'yan farauta ne kaɗai ke kwanan daji, su ma a gefen wutar iyayen gidansu.

Da ƙasa ta cika

Ƙasar Kano ta daɗe da cika. Heinrich Barth da ya iso a 1851 ya yi mamakin yawan jama'a da gonaki. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya ɓarke a shekarar da ta biyo baya, sauran dajin da ya rage aka ci gaba da share shi. A 1965 Michael Mortimore da abokin aikinsa Wilson suka buga bincikensu kan wannan yanki mai cunkoson gonaki da ke kewaye da birni, inda fiye da kashi huɗu cikin biyar na ƙasar ake nomawa kowace shekara ba hutu. A irin wannan wuri, awaki da tumaki a turke suke wuni duk damina, ana yanko musu ciyawa, ana kwashe takinsu zuwa gona. Kura ta ja baya, namun farauta suka yi ƙaranci, har ya zama 'yan farauta sai sun hau mota da karnukansu sun yi tafiya mai nisa.

Aikin kare sai ya sauya. Da kura yake yi wa haushi, yanzu ɓarawon akuya ne da ɓarawon babur. Gidan ma ya sauya, kuma wannan ne ya fi shafar maganarmu. Dangar kara ta koma katangar bulo mai ƙofar ƙarfe. Buhu da ɗakin ajiya suna maye gurbin rumbu. An dafe tsakar gida da siminti. An raba gado, fili ya tsuke, an sare bishiyar tsakar gida don a ƙara ɗaki. Maƙwabci yana kusa, yaransa suna wucewa, don haka dole a ɗaure kare ko a kulle shi. Kare da ke da wurare biyar a da, yanzu yana da ɗaya, kuma ba shi ya zaɓa ba.

Mafi muni a cikin sababbin makwancin shi ne kejin ƙarfe mai rufin kwano da maƙera ke haɗawa, a ajiye shi a inda rana ke duka. A watan Afrilu wannan tanda ce. Idan zafin jikin kare ya haura digiri 41, ƙwaƙwalwa da ƙoda da hanji sukan fara lalacewa, kuma yana iya mutuwa cikin sa'o'i. Sau da yawa wanda ake sakawa a ciki ma ba karen gida ba ne. Karen Jamus ne mai gashi ninki biyu, wanda ake ce wa karen 'yan sanda, ko wani ƙato da aka samar don duwatsu masu ƙanƙara. An saye shi da tsada, an ba shi wurin da ko karen kasuwa ba zai yarda ya kwanta ba.

Daga ina gadon soso ya fito?

Gadon da ka gani a waya yana da nasa tarihin, kuma tarihin masu sanyi ne. A tsakanin 1387 da 1389 wani basaraken kudancin Faransa, Gaston Phoebus, ya rubuta littafin farauta, ya bayyana ɗakin karnuka: dandamalin katako da aka ɗaga daga ƙasa, ciyawar shimfiɗa da ake sauyawa a kai a kai, wurin hura wuta, da yaro mai kwana tare da su. Bayan shekaru ɗari huɗu abin ya koma ado. A gidan tarihi na Metropolitan da ke New York akwai wani ɗan ɗakin kare na katako mai ruwan zinariya, an lulluɓe shi da karan-miski, wanda aka yi wajen 1775 zuwa 1780, yana ɗauke da tambarin kayan sarauniyar Faransa Marie Antoinette. A Ingila aka yi gasar nuna karnuka ta farko a 1859, kare ya tashi daga ma'aikaci ya zama ɗan ɗaki, kasuwar kayansa ta buɗe. Shi kansa soson nan mai lotsawa ya dawo, a 1966 aka ƙirƙiro shi a Amurka don kujerun jiragen sama.

Duk waɗannan an yi su ne don riƙe ɗumi. A ganina, shawarar mutumin 1387 ta fi ta kasuwar yau amfani a Bichi: a ɗaga daga ƙasa, a riƙa sauya shimfiɗa. Soso mai kauri kuwa, wata tara cikin goma sha biyu kare zai bar maka shi ya kwanta a gefensa, in bai yayyaga shi ba.

Masu kwana tare da shi

Kada ka ɗauka tsohon tsarin ba shi da aibi. Ƙasa tana da nata mazauna.

Na farko kaska. Jar kaskar kare ta bambanta da ta shanu, domin ita a cikin gida take rayuwa. Mafi yawan rayuwarta ba a jikin kare take ba. Takan sha jini ta sauko, ta hau bango, ta shige tsaga, ta sake fata, ta dawo. Mace ɗaya kan zuba ƙwai dubbai a tsagar bango, kuma tana iya jiran watanni ba ta ci komai ba. Tana ɗauke da ƙwayoyin cutar da ke sa kare zazzaɓi da ƙarancin jini, bincike kuma ya nuna idan zafi ya tsananta ta fi saurin cizon mutum. Bulon da ba a yi wa shafe ba, gida ne a wurinta.

Ƙuma ma haka. Waɗanda kake gani suna tsalle a jikin kare 'yan kaɗan ne. Ƙwai da tsutsotsinsu suna zube a inda yake kwanciya. Sai dai tsutsar ƙuma ba ta jure bushewa da zafin rana, shi ya sa matsalar ta fi yawa da damina, shi ya sa kuma shanya shimfiɗa a rana magani ne na gaske wanda ba ka biyan ko kwabo.

Sai ƙudan tumbu, wanda aka fara bayyana shi a kimiyyance daga Senegal a 1872. Macen tana zuba ƙwai a rairayi mai inuwa wanda fitsari ko kashi ya taɓa, ko a tsumma mai danshi. Tsutsar ta ƙyanƙyashe ta jira, da kare ya kwanta sai ta huda fata ta shige, ta yi kwana takwas zuwa goma sha biyu tana girma cikin wani ƙurji kamar maruru. Kwikwiyo ta fi kamawa, kuma tana kama jarirai ta hanyar kayan da aka shanya a ƙasa. A irin wannan ƙasa mai danshi ne kuma tsutsar hanjin kare ke ƙyanƙyashewa, ta shiga tafin ƙafar yaro mai yawo ba takalmi.

A nan za ka ga illar ɗaurewa. Kare mai 'yanci ba ya kashi a inda yake kwana, kuma yana sauya wuri, rana ta gasa wanda ya bari. Kare ɗaurarre a gindin bishiya ɗaya, nan yake ci, nan yake fitsari, nan yake barci. Ka haɗa masa duk abin da tumbu ke nema.

To me za ka yi masa?

Karen bana shi ke maganin zomon bana, gidan bana ma sai shimfiɗar bana. Fara da wuri kafin gado. Nemi inda inuwa ke zama daga hantsi zuwa la'asar, domin inuwar safe yaudara ce. Idan dole sai an yi rufi, zana ko ciyawa sun fi kwano, in kuma kwanon ne, a ɗaga shi sama, a shimfiɗa zana a kansa, a bar gefuna a buɗe. Ruwa ya kasance kusa kullum.

Gadon kansa, kafinta zai haɗa maka da ragowar katako: dandamali mai tsayin taƙi ɗaya daga ƙasa, a bar 'yar tazara tsakanin katakan don iska. Auna shi da karen yana kwance a gefe ya miƙe ƙafafu, ba yana naɗe ba, ka ƙara kaɗan. Janye shi daga jikin bango saboda kaska, ka toshe tsagogin da ke kusa. Da hunturu ka jefa masa buhun algarara ko tsohon bargo, ka kare ɓangaren arewa maso gabas inda iskar ke fitowa. Buhuna biyu za ka samu, ɗaya yana ƙarƙashinsa, ɗaya an wanke yana kan igiya. Da bazara ka bar masa wani fili na ƙasa mai tsabta a inuwa ya tona raminsa, ka riƙa kwashe kashi kullum. Wato wuri biyu, kamar yadda ya saba.

Soso yana da ranarsa. Tsohon kare mai ciwon gaɓɓai, ko babban kare mai nauyi da siminti ya sa wa kanta ko kumburi a gwiwar hannu, yana buƙatar abu mai laushi, a saka shi cikin rigar da ake cirewa a wanke. Karya mai jego tana son lungu mai duhu da shiru, kuma 'ya'yanta a makonnin farko ba sa iya riƙe ɗumin jikinsu, don haka sanyin Janairu yana kashe su a kan siminti. Abin da ba za ka yi ba shi ne fesa fiya-fiya ko maganin gona a shimfiɗa, ko shafa wa kare baƙin mai don ƙazuwa. Yana lasa, yana shaƙa, yaranka ma suna taɓawa. Maganin kaska na dabbobi yana wurin malamin dabbobi, da ma'auninsa.

Akwai dalili guda da ya wuce jin daɗin kare. Ciwon haukan kare, wanda aka fara rubuta shi a jikin mutum a Najeriya a 1912, yana kashe kimanin mutum 59,000 a duniya kowace shekara, kusan duka ta cizon kare, kuma wajen kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom ta daɗe tana yin allurar rigakafinsa, kuma an tabbatar idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura, cutar takan daina yaɗuwa. Wahalar masu allura a ƙauye ita ce kama karen. Wanda ba shi da makwanci sananne, dare ya yi yana bola yana faɗa da baƙin karnuka, ranar allura ba a ganinsa. Wanda ya saba da wurinsa, ya saba da hannun mai sauya masa buhu, ana samunsa, ana riƙe shi, kuma ranar da ya ƙi cin abinci ko ya ɓuya a inda bai saba ba, akwai wanda zai lura. Idan kuma cizo ya auku, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti a ranar, ko da karen na gida ne.